Macijiya Ta Dawo Bakin Rijiya

Duk wanda aka haifa a Daura, tun bai iya ɗaura zariya ba ya san labarin Kusugu. Macijiya ce a cikin rijiya, ana ce mata Sarki, ba ta barin kowa ya jefa guga sai ranar Juma'a. Baƙo ya sauka da dare a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya roƙi ruwa, ta ce masa ai nan garin ba a samun ruwa sai Juma'a. Ya ari guga ya nufi rijiyar da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa, ya datse kan macijiyar. Sauran zancen, na auren Magajiya Daurama da haihuwar Bawo da Hausa Bakwai, kowa ya haddace, kuma masana tarihi suna nan suna ta gardamarsu a kai.

Abin da ban cika jin ana tsayawa a kansa ba shi ne laifin macijiyar. Labarin bai ƙirga mana mutum nawa ta sara ba. Abin da kakanninmu suka riƙe ta da shi, har suka ga ya isa a yi wa wanda ya kashe ta alkawarin rabin gari, shi ne ta tsaya tsakanin mutane da ruwa. Sai kuma amsar da tsohuwar ta ba baƙonta, wadda ita ce ta fi tsaya mini a rai. Ta faɗi maganar ne kamar mai faɗin ranar kasuwa. Gari guda ya riga ya tsara girkinsa da wankinsa da shayar da dabbobinsa a kan dokar macijiya, an tanadi randuna da tuluna, an saba. Sai da baƙon da bai saba ba ya zo, sannan aka tuna cewa ba haka ya kamata a zauna ba. Sabo turken wawa.

Na ɗauki alƙalami ne don in ce macijiyar nan ta dawo, kuma wannan karon ba rijiya ɗaya ta kama ba. Hana jama'a abinci da ruwa da magani da hanyar kasuwa, don a hukunta su ko a tanƙwara masu mulkinsu, ya zama makamin da kowa ke miƙa hannu ya ɗauka: gwamnatoci, 'yan tawaye, ɓarayin daji, har da mu talakawa idan ranmu ya ɓaci. Ya fi harsashi arha, ba ya ƙara, kuma wanda ya kashe ana cewa ciwo ne ya kashe shi.

Inda duniya ta fi ganin abin ƙuru-ƙuru shi ne Zirin Gaza. Wuri ne da tsawonsa bai wuce kilomita 41 ba, wato kusan rabin tafiyar Daura zuwa Katsina, faɗinsa kuma tsakanin kilomita 6 zuwa 12, amma mutum sama da miliyan biyu ke cikinsa. Tun 2007, da Hamas ta karɓe iko da zirin, Isra'ila ta yi masa ƙawanya ta tudu da ta ruwa da ta sama, Masar kuma ta riƙe ƙofar Rafah tana buɗewa tana rufewa. A 2012 kotu ta tilasta wa hukumomin Isra'ila fitar da wata takarda da suka rubuta a 2008, inda aka zauna da biro aka lissafa ƙarfin abincin da kowane mutumin Gaza ke bukata a rana don kada tamowa ta bayyana, aka samu kalori 2,279, aka mayar da lissafin zuwa adadin manyan motoci. Hukumomin sun ce ba su taɓa aiki da takardar ba. Ko da hakan ne, ka dubi tunanin da ya haife ta: a auna wa mutum abin da zai hana shi mutuwa, ba abin da zai rayu da shi ba. Juma'ar macijiya ke nan da lambobi.

Ranar 7 ga Oktoba 2023 mayaƙan Hamas da abokansu suka tsallaka cikin Isra'ila suka kashe mutum kusan 1,200, akasarinsu fararen hula, suka yi awon gaba da kimanin 250. Dole in tsaya nan, domin na san a majalisunmu ba a son a taɓo wannan gefen. Wanda ya san zafin ranar da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020 ba shi da bakin da zai yi wa satar tsoho da jariri kirari don kawai masu satar suna da ƙorafi na gaskiya. Ƙorafin Falasɗinawa gaskiya ne, mamayar ƙasarsu zalunci ce mai shekaru, amma garkuwa da farar hula garkuwa ce, a Faskari aka yi ta ko a bakin iyakar Gaza.

To amma dubi abin da ya biyo baya. Kwana biyu da harin, ministan tsaron Isra'ila na lokacin, Yoav Gallant, ya fito ya shelanta cewa an rufe zirin ruf: ba wutar lantarki, ba abinci, ba man fetur. Kafin yaƙin, motocin kaya kusan 500 ke shiga kowace ranar aiki. Daga 2 ga Maris 2025 har bayan tsakiyar Mayu, fiye da mako goma, ko buhun gari ɗaya ba a bari ya shiga ba. Da aka ɗan buɗe, aka mayar da rabon abinci zuwa wasu 'yan wurare ƙalilan da sojoji ke kewaye da su, kuma kafin ƙarshen Yuli Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce an kashe sama da mutum dubu a wajen neman abinci. Ranar 22 ga Agusta 2025 kwamitin masana da Majalisar ke dogara da shi wajen auna yunwa ya tabbatar da cewa yunwa mai kisa ta auku a birnin Gaza da kewayensa. Isra'ila ta ƙaryata rahoton, ta ce Hamas ke karkatar da kayan agaji, kuma matsin don a sako mutanenta ne. Tun a Nuwambar 2024 Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta ba da sammacin kama Benjamin Netanyahu da Gallant, cikin tuhumar har da amfani da yunwa a matsayin makamin yaƙi, ta kuma ba da na kwamandan Hamas Muhammad Deif. An tsagaita wuta ranar 10 ga Oktoba 2025, bayan ma'aikatar lafiyar Gaza ta ƙirga gawa sama da dubu sittin. Hujjar da aka jingina duk wannan a kanta ita ce: akwai masu laifi a cikinsu. Ka riƙe wannan hujjar, mai karatu, domin za ka sake jin ta da Hausa.

Mun yi wa Gaza ƙunuti, mun yi mata addu'a a masallatan Juma'a, kuma ta cancanci fiye da haka. Amma laifi tudu ne. Tsakanin Gaza da Kusugu akwai zangon macijiyar da dama, kuma kowane zango yana ƙara matsowa. A Sudan, inda 'yan'uwanmu Hausawa suke da yawa, dakarun RSF sun yi wa birnin El Fasher zobe daga Mayun 2024 har ya faɗi a Oktobar 2025. A Burkina Faso masu iƙirarin jihadi sun datse hanyoyin garin Djibo tun 2022. A Mali sun yi wa Tumbutu haka a 2023, sannan daga Satumbar 2025 suka shiga ƙona tankokin mai don su shaƙe Bamako kanta. Na Burkina Faso da Mali suna cewa don Musulunci suke yi, waɗanda suke kashewa da yunwa kuwa Musulmi ne.

Sai gida. Daga Jibiya zuwa Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da Ɗandume, duk garuruwan da suka jingina da dajin Rugu da iyakar Zamfara, an shafe shekaru manomi ba ya shiga gonarsa sai da izinin mai bindiga. A biya kafin shuka, a biya kafin girbi. Garin da ya ƙi, a tare hanyarsa ranar kasuwa, a kwashe mata a hanyar ɗebo ruwa da itace, a cinna wa rumbu wuta. Ƙona rumbu ba sata ba ce, domin ɓarawo ba ya ƙona abin da zai ci. Saƙo ne cewa cikinku a hannuna yake. Yau za ka ji mutumin kirki yana faɗin kuɗin harajin da garinsu ya biya bana da irin muryar da Ayana ta yi wa baƙonta magana da ita. Har sulhun da ƙananan hukumomi da dama suka shiga a 2025, ban ga laifin wanda ya gaji da binne 'ya'yansa ya nemi sa'ida ba. Amma idan sharaɗin zaman shi ne mai bindiga ya zo da bindigarsa a kafaɗa, ya koma da ita, sannan ya ce ya yarda a yi noma, to ba a kashe macijiya ba, ranar ɗiban ruwa aka ƙara.

Mu mutanen ƙasar Daura, daga Sandamu zuwa Zango, Ɓaure da Mai'aduwa, Allah ya rufa mana asiri, abin bai yi mana katutu kamar yammacin jiha ba. Kada wannan ya ruɗe mu. Ranar 1 ga Mayun 2019 a cikin garin nan aka ɗauke Magajin Garin Daura, Alhaji Musa Umar Uba, daga ƙofar gidansa, lokacin ɗan garin ne shugaban ƙasa, sai bayan wata biyu aka kuɓutar da shi a Kano. Kuma ko ba a harba harsashi ɗaya a nan ba, hatsin da ba a noma a Batsari da Faskari ba, a kasuwarmu muke biyan kuɗinsa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda hukuma ma ta ari makamin. A ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar da ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure da ta Ƙanƙara zuwa Sheme, ta hana sayar da fetur a jarka, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi 14, cikinsu har da Mai'aduwa da Ɓaure. A Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, bayan Zamfara ta riga ta yi nata. Niyyar a fili take: a yanke wa 'yan bindiga mai da abinci da masu kai musu rahoto. Ba na zargin niyyar, kuma da yawanmu mun tafa. Amma a tambayi wanda ya zauna a cikin abin. Mai bindiga yana da shanu da kuɗin fansa da hanyoyin daji, ya samo mansa da tsada ya ci gaba. Wanda ya rasa shi ne talakan da akuya ɗaya ce bankinsa, ba kasuwar da zai kai ta ya sayo tiyar gero, da ƙauyen da aka afka wa cikin dare ba waya a kira agaji. Kafin shekarar ta fita an fara janye matakan, 'yan bindigar kuwa suna nan. An bar jaki an daki taiki.

Misali na biyu ya fi kusa da mu, don a Kongolam, a kan iyakarmu da Nijar, muka gan shi. Sojoji suka kifar da shugaban Nijar Bazoum Mohamed ranar 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da Nijar ke samun kusan kashi 70 cikin 100 na bukatarta daga gare ta. Hanyar da ta haɗa Daura da Matamai da Damagaram, wadda fatake suka bi tun kafin a haifi Baturen da ya ja layin iyaka, ta mutu murus. Wa aka hukunta? Janar Tchiani, jagoran juyin mulkin, bai kwana da yunwa ba ko sau ɗaya. Mai naƙuda a asibitin da ba wuta, da mai jiran maganin da ya maƙale a kan iyaka, da dillalin kasuwar Mai'aduwa, da direban da motarsa ta yi watanni a tsaye, su suka biya. A Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, a Maris Najeriya ta buɗe iyakarta. Bazoum bai koma kujerarsa ba, Nijar kuma ta fice daga ƙungiyar gaba ɗaya a Janairun 2025. Wata bakwai na wahalar talaka, ribar sifili.

Kada kuma mu ce aikin manya ne kawai. A Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan inda aka kashe 'yan Arewa aka ƙona dukiyarsu, haɗaɗɗiyar ƙungiyar dillalan abinci da dabbobi ta tsayar da kai kaya Kudu, aka riƙa tare tireloli a Jebba. Ɓacin ran na gaskiya ne. Amma na tuna murnar da aka yi a majalisu, ana cewa bari yunwa ta koya musu hankali. Su wa? Wanda ya riƙe adda a Shasha, ko mai goyo a Legas da ba ta ma san inda Shasha take ba? Cikin mako guda aka janye, bayan tumatir da albasa sun ruɓe a hannun manomanmu. Har yau idan aka kai hari wani wuri, za ka ji mai cewa a daina sayar wa Fulani hatsi, a hana matansu shiga kasuwa da nono, a kore su daga bakin rijiyar burtsatse. Na ji wannan da kunnena daga bakin wani dattijo, a ranar da ya gama tsine wa Isra'ila. Na ce masa, Baba, ai hujjarsu ke nan ka ara, cewa akwai masu laifi a cikinsu. Ya yi shiru, ban sani ba ko ya yarda ko dai ya ga rashin kunyata.

Ƙasar nan ma ta taɓa tafka wannan a babban mataki. A yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 an yi wa yankin Biyafara ƙawanya, yunwa ta kashe mutane dubbai ɗaruruwa a mafi ƙanƙantar ƙiyasi, wasu sun ce miliyan ko fiye, yawancinsu yara. Wasu daga cikin likitocin Faransa da suka ga abin da idonsu su ne suka kafa ƙungiyar Likitoci Na-gari-na-kowa a 1971. Yau wannan ƙungiyar tana aiki a Gaza, tana kuma aiki a Katsina, inda ta ce a wata shida na farkon 2025 yara 652 suka rasu a cibiyoyinta saboda tamowa. Talauci da tsadar kaya da janye tallafin ƙasashen waje duk suna da hannu, amma kowa ya san abin da ke faruwa da yaron da ubansa ya shekara uku bai taka gonarsa ba. Yaran nan 652 ma waɗanda suka iya kaiwa asibiti ke nan.

Dokar duniya ta haramta wannan aiki tun a ƙarin yarjejeniyar Janeba na 1977, Kwamitin Sulhu ya sake jaddadawa da ƙuduri mai lamba 2417 a 2018. Mu kuwa ba sai mun jira Janeba ba, don darasin yana cikin karatun da muka yi a zaure. Ƙuraishawa sun rubuta takarda suka rataye a Ka'aba, cewa ba saye ba sayarwa ba auratayya da Banu Hashim, suka killace Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da danginsa a kwarin Abu Ɗalib kusan shekara uku, har aka ci ganye, ana jin kukan yara daga bayan kwarin. Waɗanda suka tashi suka karya wannan takunkumi, irin su Hishamu ɗan Amru da Zuhairu ɗan Abu Umayya da Muɗ'imu ɗan Adiyyu, a lokacin ba Musulmi ba ne. 'Yan cikin masu takunkumin ne da suka ce ba za su ƙoshi 'yan'uwansu na mutuwa ba. Shekaru suka juya, Sumamatu ɗan Usalu, shugaba a Yamama, ya musulunta, ya rantse ko ƙwayar alkama ba za ta ƙara isa Makka ba sai da izinin Manzo. Yunwa ta ci Ƙuraishawa, suka aika Madina suna roƙo da zumunci. Wanda suka killace jiya, makamin ya faɗo hannunsa a kan mutanen da ke yaƙar sa, sai ya aika wa Sumamatu ya sakar musu abinci. Duk mai cewa yana jihadi alhali yana tare motar hatsi, da duk mai cewa ramuwar gayya ce ta sa ya hana maƙwabcinsa ruwa, ya dubi kansa ya ga a sahun wa yake tsaye a wannan ƙissa.

Saboda haka ina kira ga malamanmu: ƙunutin da za a yi wa Gaza a haɗa da huɗuba kan haramcin hana abinci da ruwa ga kowane mahaluki, a ambaci Batsari da Djibo da El Fasher da sunansu, a kuma ambaci ruggar da ke bayan gari. Ga Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa da jami'an tsaro: ku bi mai laifi da sunansa da maɓoyarsa, ku kama mai kai masa mai da makami, amma duk ranar da wani ya kawo shawarar a sake rufe kasuwa ko a katse waya a kan jama'a baki ɗaya, a fara tambayarsa abin da na 2021 ya haifar. Buɗe hanyar gona da raka manomi ya shuka ya girbe ba tare da ya biya kowa ba, shi ne ma'aunin da za mu auna ku da shi, ba yawan tarurrukan sulhu ba. Ga fadar Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, Allah ya ja zamaninsa, da hakimai da dagatai: rijiya da kasuwa amana ce a hannunku, kada wani mai unguwa ko shugaban 'yan sa-kai ya yanke wa wata ƙabila hukuncin ƙishirwa a ƙasar da sarautarta ta samo asali daga buɗe rijiya. 'Yan kasuwa kuma masu kulle sito su jira tiya ta ninka, ku ma kuna ciki. Rijiya ta bayar, ku ne gugan da ya hana.

Kai kuma mai karatu, in Allah ya kawo ka Daura, ka shiga ɗakin da aka gina a kan Kusugu, za a ja maka ruwa ka sha ko wace rana ce ta mako, ba mai tambayarka ƙabilarka. In ka koma majalisarku aka sake cewa a bar su yunwa ta kashe su, ko su wane ne, kada ka yi dariya, kada ka yi shiru. Ka ce a'a a wurin, a gaban wanda ya faɗa.